Yadda nake rina ƙwan Ista da bawon albasa a Jamus

Kafin ki taɓa tukunya, fara da kalanda. Ista, bikin Kirista na tashin Yesu daga matattu, a nan ba ta da tsayayyar rana, tana faɗowa ne ranar Lahadi tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Juma'ar da ke gabanta, wadda suke kira Karfreitag, da Litinin ɗin da ke bayanta duk hutu ne, kantuna a rufe ruf. Shekarata ta farko na fita da jaka ranar Juma'ar, na dawo da ita fayau. To ki yi cefane tun Laraba, don ranar Asabar layi har bakin ƙofa, fararen ƙwai kuma sun riga sun ƙare.

Ana sayar da kalar rini a ko'ina, amma ni na fi son hanyar da wata dattijuwa maƙwabciyata ta koya mini. Tun saura sati 3 ki riƙa tara busasshen bawon albasa. Ki zuba kamar tafi 3 a lita 1 ta ruwa, ya yi ta ɓararraka minti 20, har ruwan ya koma kamar baƙin shayi. Ki sa cokali 1 na ruwan khal, shi ke sa launin ya kama.

Nan ne gwanintar take. Ki jiƙa ɗan ƙaramin ganye, ki manna shi a jikin ɗanyen ƙwai, ki yanko tsohuwar safar nailan ki naɗe shi tamau, ki ƙulle da zare. Idan ɗaurin ya yi sako-sako ruwa zai shiga ƙarƙashin ganyen, aikin ya tashi a banza. Ki dafa shi a cikin ruwan bawon albasar minti 10. Da kin yanke safar kin ɗaga ganyen, sai ga hotonsa fes, har jijiyoyinsa, a kan jan ƙasa-ƙasa. Dattijuwar da fatar naman alade take goge nata don su yi sheƙi, ni kuwa ɗigon man girki ya ishe ni. Mai son ruwan ɗorawa ta sa kurkur, jan kabeji kuma shuɗi yake bayarwa.

Ƙwan ado na ratayewa a reshe daban ne. Ki huda ɗanyen ƙwai sama da ƙasa da allura, ki hura har ya zazzago, ki wanke. Ki ɗaura zare a guntun ashana, ki tura ta ramin, zai gitta a ciki ya riƙe. Kumatu za su yi ciwo, na faɗa miki.

Ranar Lahadi da sassafe a ɓoye dafaffun a lambu ko bayan kujera, a ce wa yara zomo ne ya kawo. Tsohon zance ne, tun 1682 wani likita a garin Haidelbag ya rubuta shi. Idan kin haɗu da maƙwabta, “Frohe Ostern”, wato barka da Ista, ita ce gaisuwar, kuma kada ki yi mamaki in yaransu sun ƙalubalanci naki da karon ƙwai: wanda nasa ya fashe ya sha kaye.

Amma don Allah ki ƙirga kafin ki ɓoye, ki rubuta inda kika sa kowanne. Bara 12 na ɓoye, aka tsinci 11. Na ƙarshen sai a watan Mayu wari ya kai ni gare shi, a cikin takalmin sanyi.