Che ko Cui, Ho ko Sono: Inda Bahaushe Yake Tuntuɓe a Italiyanci

Kuskuren da na fi ji a bakin masu koyon Italiyanci daga cikinmu, Hausarmu ce ta haife shi. Muna cewa "mutumin da na yi magana da shi", sai mu kwashi jimlar yadda take mu zuba: "l'uomo che ho parlato con lui". Za a gane ka, har wasu 'yan ƙasar ma sukan yi haka a hira, amma a jarrabawa malami zai ja maka jan biro. Daidai shi ne "l'uomo con cui ho parlato". Wannan "da shi" na ƙarshe sai ka cire shi, ka dawo da con gaba, ka haɗa da cui. Haka abin yake da di, a, in, per: "la città in cui abito", garin da nake zaune. Che kuwa tsirara yake tafiya, ba a sa masa con ko in a gaba, kuma ba ruwansa da namiji ko mace ko jam'i, ba kamar wanda, wadda, waɗanda ba.

Akwai wani tarko a "matar da ɗanta likita ne": "la donna il cui figlio è medico". Il ɗin na ɗan ne, ba na uwar ba.

Wajen faɗin abin da ya wuce, kuskuren cewa "ho andato" maimakon "sono andato" (na tafi) ya zama ruwan dare. Andare, venire, partire, arrivare, nascere, morire duk essere (wato sono, è) suke ɗauka, ba ho ba, kuma ƙarshen kalmar yana bin mai aikin. Wannan bai kamata ya wahalar da mu ba, mu da muke bambanta ya tafi da ta tafi: è andato, è andata, sono andati.

Inda na fi son a tsaya shi ne imperfetto, sigar abin da ake cikin yi ko aka saba yi a da. Ka tuna yadda muke ba da labari: "Ina cin abinci, sai ga yayana." Wancan "ina cin" shi ne mangiavo, "sai ga" kuma è arrivato: "Mentre mangiavo, è arrivato mio fratello." Duk inda Hausa ta ce "nakan" ko "ina" game da jiya, imperfetto ake nema. "Da bambino giocavo a calcio", nakan buga ƙwallo ina yaro. Ka ce "ho giocato", ka mayar da shekarun ƙuruciya wasa guda.

Passato remoto, sigar abin da ya daɗe da wucewa, kada ya hana ka barci. A Milano da wuya ka ji shi a baki, a Sicilia da littattafai ne yake da yawa. Ka dai iya gane fu, ebbe, disse, fece idan ka ci karo da su.