Yadda Za Ka Sa Tsohon Fulogin Na Kiɗa Ya Yi Aiki a Sabuwar Kwamfuta

Galibi idan tsohon fulogin, wato ƙaramar manhajar sauti da ake jonawa cikin manhajar haɗa kiɗa, irin su Hypersonic 2 ko Edirol Orchestral ya ƙi fitowa a sabuwar kwamfuta, ba lalacewa ya yi ba. An gina shi ne a tsarin 32-bit, manhajar haɗa kiɗan kuma 64-bit ce, ba kuwa za ta iya loda shi kai tsaye ba. Manhajar Cubase ta daina karɓar irinsu tun daga Cubase 9 a 2016, Ableton kuma daga Live 10 a 2018.

Fara da wurin ajiya. Buɗe folda ta musamman, misali C:\VST32, ka girka tsofaffin a ciki. Kada ka bar su a Program Files, don Windows na hana rubutu a can, su kuma da yawansu a cikin foldarsu suke ajiye saiti. Abin da ke sa sautin da ka gyara jiya ya ɓace yau ke nan.

Masu FL Studio da Reaper sun huta, domin manhajojin suna da gadarsu ta ciki, wato abin da ke haɗa fulogin na 32-bit da manhaja mai 64-bit: ka nuna musu foldar, ka sake bincike, shi ke nan. Sauran kuwa sai an nemi jBridge, manhajar da ke yin aikin gadar. Buɗe jBridger da ke zuwa tare da shi, da izinin mai kula da kwamfuta, ka zaɓi cewa manhajarka 64-bit ce, ka nuna masa C:\VST32 a matsayin tushe, sannan ka ba shi wata folda daban da zai zuba sababbin fayiloli. A nan ake yawan tafka kuskure. Foldar ta biyu kaɗai manhajar kiɗa za ta duba. In ta duba duka biyun, ko fulogin ya fito sau biyu, ko ta maƙale wajen bincike. Kada kuma ka goge na asali, don sabon fayil ɗan aike ne kawai, aikin na tsohon ne.

Idan ya fito amma ya ƙi buɗewa, yawanci Visual C++ na 2005, 2008 ko 2010 ne babu, wato fayilolin Microsoft da fulogin ke dogaro da su. Girka na x86, wato na 32-bit, ko da Windows ɗinka 64-bit ce. Idan fuskarsa ta yi ƙanƙanta, allon zamani ne ya fi ƙarfinsa. Rage ƙarfin allon zuwa 1920×1080 yakan sa rubutun ya karantu.

Gada tana da tsadarta. Fulogin na 32-bit ba ya iya cin RAM sama da 4GB, wasu ma 2GB, komai yawan wanda ke cikin na'urar, kuma gadar na ƙara wa kwamfuta nauyi. In sauti ya fara karcewa, ɗaga bafa (buffer size, a saitin sautin manhajar) zuwa 512 ko 1024.

A Mac lamarin ya fi tsauri. Tun macOS Catalina a 2019 Apple ya rufe ƙofar 32-bit gaba ɗaya. Rosetta 2, manhajar da ke sa kayan Intel su yi aiki a Mac mai M1 da na bayansa, fulogin na Intel mai 64-bit kawai take ɗauka, saboda haka na 32-bit sai a tsohuwar na'ura mai macOS Mojave ko ƙasa da haka.

Da zarar kiɗa ya zauna, fitar da kowane layin tsohon fulogin zuwa WAV mai 24-bit, ka ajiye shi tare da MIDI ɗinsa da sunan sautin a foldar aikin. Mai waƙa kan dawo bayan shekara yana neman a rage masa ganga ko a ƙara baiti, lokacin kuwa wataƙila an riga an sauya kwamfutar situdiyon.