Ranar da Kowa Ke Sanye da Lamba 42

Idan Allah ya kawo ka Amurka cikin hunturu, ranar farko da za ka fara jin ana maimaita ta a bakin mutane ita ce 15 ga Afrilu. Abu biyu ne suka haɗu a kanta. Na farko na aljihu ne, don ita ce ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji ga hukumar IRS, sai fa idan ta faɗo a ƙarshen mako ko ranar hutu a ɗan matsar da ita gaba. Duk wanda ya yi aiki aka biya shi a shekarar da ta wuce ya nemi mai cike takardu tun cikin Fabarairu. Ana iya neman ƙarin lokaci zuwa Oktoba, amma ƙarin na takarda ne kawai, kuɗin da ake bin ka a Afrilun ake son su. Wannan kowa zai faɗa maka a masallaci. Na biyun ne ba wanda ya faɗa mini, shi ya sa nake rubuta shi.

A shekarata ta farko ina zaune ɗakin hutu a wurin aiki, talabijin na nuna wasan besbol, sai na lura duk ɗan wasan da ya juya baya lamba 42 ce a rigarsa. Mai jifa 42, mai duka 42, har kociyoyi. Na yi dariya na ce wa wani dattijo baƙar fata da muke aiki tare, yau dai tela ya yi aika-aika. Bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce in zauna, kuma hutunmu na rabin awa gaba ɗaya a kan wannan lamba ya ƙare.

Ga abin da ya faru. Ranar 15 ga Afrilun 1947, a filin Ebbets da ke Brooklyn, wani mutum mai shekara 28 mai suna Jackie Robinson ya shiga fili cikin rigar ƙungiyar Dodgers. Rabon da a ga baƙar fata irinsa a babbar gasar besbol ta Amurka tun shekarun 1880. Babu rubutacciyar doka da ta hana, haɗin baki ne kawai na masu ƙungiyoyi, har baƙaƙe suka gaji suka kafa gasarsu daban. A ranar Dodgers ta ci Boston Braves 5 da 3 a gaban 'yan kallo 26,623. Robinson bai yi wani dukan a-zo-a-gani ba, ya dai zagayo gida sau ɗaya, wato ya ci wa ƙungiyarsa ɗaya. Shigarsa filin ita ce labarin.

Ba don ba shi da zuciya aka zaɓe shi ba. A 1944, yana hafsan soja a wani sansani a Texas, direban bas ya umarce shi ya koma kujerun baya ya ƙi, aka gurfanar da shi a kotun soja, kotu ta wanke shi. Shekara 11 ke nan kafin Rosa Parks ta yi irin wannan a Montgomery. Shugaban Dodgers, Branch Rickey, ya san da haka, amma sharaɗin da ya gindaya masa shi ne ya haɗiye, ko an zage shi kada ya rama. An kuwa zage shi daga kan benci, an aiko masa da wasiƙun barazanar kisa, an taka shi da takalmi mai ƙusa, akwai otal ɗin da ya karɓi abokan wasansa ya hana shi ɗaki. A ƙarshen wannan kaka aka ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa, a 1949 gwarzon gasarsu gaba ɗaya, a 1955 suka ɗauki kofi. Ya rasu a 1972 yana da shekara 53 kacal.

Lambar tasa, 42, an jingine ta a dukkan ƙungiyoyi, ba za a ƙara ba wa wani ɗan wasa ita ba, ranar 15 ga Afrilun 1997, a filin Shea na New York, Shugaba Bill Clinton na wurin. Waɗanda ke sanye da ita a lokacin an bar su su ƙarasa, na ƙarshensu Mariano Rivera na Yankees, ɗan ƙasar Panama, wanda ya yi ritaya a 2013. An soma bikin ranar a 2004. A 2007 wani ɗan wasa, Ken Griffey Jr., ya nemi izinin sanya lambar don girmamawa, daga 2009 kuma ya zama kowa sai ya sa. Abin da na gani ke nan na ɗora wa tela.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne wata ɗabi'a da nake gani a wurin wasunmu, ni ma na zo da ita. Mukan iso mu tarar da baƙaƙen Amurka, cikin wata biyu mun yanke musu hukunci, mu ce sun cika ƙorafi, ga ƙasa ta buɗe amma suna ta tone-tone. Kai da aka ba ka hayar ɗaki ba a dubi fatarka ba, ka hau bas ka zauna inda ka ga dama, to ka sani dokar da ta haramta wariya a otal da wurin aiki ta 1964 ce, kuma tsofaffin da ke zaune kusa da kai a jirgin ƙasa wasunsu sun girme ta. Ran 15 ga Afrilu ka tambayi irin waɗannan abin da lambar ke nufi a gidansu, sannan ka yi shiru ka saurara. Dattijon nan da na yi wa ɓaram-ɓarama, shi ne daga baya ya raka ni sayen motata ta farko.

Amurkawa mutane ne masu ajiye lissafin wasan nan kamar littafin bashi. Kullum gidajen rediyo da jaridu na kawo abin da ya faru a rana irin ta yau da 'yan wasan da aka haifa a cikinta, kuma 15 ga Afrilu tana da kaya. A 1954 Hank Aaron ya yi dukansa na farko da aka ƙirga masa a babbar gasa, mutumin da bayan shekara 20 ya zarce Babe Ruth a yawan dukan da ke tsallake katanga. A 1958 aka buga wasan babbar gasa na farko a gaɓar yamma, bayan Giants da Dodgers sun kwashe kayansu daga New York zuwa California, Giants ta San Francisco ta lallasa Dodgers ta Los Angeles 8 da nema. Tsofaffin Brooklyn har yau ba su yafe wannan ƙaura ba, filin Ebbets ma an rushe shi a 1960, dogayen gidajen haya ne a wurin yanzu. A 1968 Houston da New York Mets suka yi zagaye 24 maimakon tara da aka saba, sama da awa shida, kafin Houston ta samu ci ɗaya tilo. A 2000 Cal Ripken Jr. na Baltimore ya cika duka 3,000. Cikin waɗanda aka haifa a ranar akwai Willie Davis, a 1940, mai gudu kamar barewa, wanda ya ɗauki kofi da Dodgers a 1963 da 1965 kuma ya jera wasa 31 a 1969 ba tare da ya rasa duka ba. Duk da haka masu tsokana abin da suke tunawa shi ne kuskure uku da ya tafka a zagaye ɗaya a wasa na biyu na karawar cin kofi ta 1966. Akwai kuma Adeiny Hechavarría ɗan Kuba, haihuwar 1989. Ba sai ka haddace ba, guda ɗaya ya isa ka buɗe hira da fasinja idan tasi kake ja.

Shi wasan kansa, mu da muka tashi da tamaula mukan ga kamar ba a yin komai sai tsayuwa da tofar da yawu. Ga shi a taƙaice. Mutum tara ke tsaron fili, ɗaya ɓangaren na fitowa ɗaya bayan ɗaya da sanda. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai duka ya doka ya ruga, akwai zango uku da zai taka kafin ya dawo gida, duk wanda ya dawo gida an ci ɗaya. Ya kuskure jifa mai kyau sau uku ya fita, aka cafe ƙwallonsa a sama ya fita, ƙwallo ya riga shi isa zango ya fita. Mutum uku suka fita sai a yi musanya. Zagaye tara ake yi, kuma babu canjaras, ana ci gaba har sai wani ya yi galaba. Ƙungiyoyi 30 ne, ɗaya a Toronto, kowace na buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, wato kusan kullum. Tun da aka sa wa mai jifa agogo a 2023 wasa ya ragu zuwa wajen awa biyu da minti arba'in.

Ka je ka gani da idonka ko sau ɗaya. Wanda ke Bronx, inda 'yan zango na Gana suke da yawa, jirgi mai lamba 4 ko D zai sauke shi a titi na 161, bakin filin Yankee. Amma don sauƙin kuɗi ƙananan ƙungiyoyi sun fi, irin Grasshoppers ta Greensboro, garin da 'yan Nijar suka yi kaka-gida. Tikitin a waya yake, filaye da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati, kuma ana mayar da mai babbar jaka daga ƙofa, don haka hajiya ta duba ƙa'idar filin kafin ta fito. Daren Afrilu na da sanyi, ka riƙe rigar sanyi ko da rana ta yaudare ka. Tsiran da ake sawa cikin burodi kada ka ci sai ka tambaya, wani da alade a ciki. A New York akwai rumfunan abincin Yahudawa da ba su taɓa alade, ga kuma gyaɗa da gugguru. Giya kam ana sha ta ko'ina, mai iyali ya tambaya ko akwai ɓangaren da ba a sha. Magariba za ta same ka a ciki, ka shiga da alwala, ka tambayi ma'aikata wani lungu mai shiru. Idan aka soma taken ƙasa mutane na miƙewa su cire hular wasa, kai ma ka miƙe. A tsakiyar zagaye na bakwai kuma kowa zai sake tashi ya yi miƙa ana waƙa, ba tashi aka yi ba, kada ka kama hanyar ƙofa kamar yadda na yi.

Mai yara ya sani makaranta za ta ba su aikin gida a kan Robinson, ko a Fabarairu watan tarihin baƙaƙe ko a Afrilu. Akwai gidan tarihi da aka buɗe da sunansa a kudancin Manhattan a 2022, ya cancanci a kai su wata Asabar. Idan sun tambaye ka ko Afirka na da nata a wasan, ka ce musu sai a Afrilun 2017 aka samu haifaffen nahiyar na farko a babbar gasa, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, da ƙungiyar Pittsburgh, shekara 70 bayan Robinson. Shi kuma ɗan Robinson na ƙarshe, David, tun shekarun 1980 ya tattara ya koma Tanzaniya, gahawa yake nomawa a can.