Yadda Ake Ɗaukar Hoton Gini Mai Fitilu da Dare

Mafi yawan hotunan dare da ake nuna mini a waya ciwonsu ɗaya ne, an makara wajen ɗauka. Mutum zai jira sai bayan isha'i, gari ya yi baƙi ƙirin, sannan ya ɗaga waya ya saita Masallacin Ƙasa na Abuja. Abin da zai fito shi ne fitilu farare fat cikin duhu, ƙubbar nan mai ruwan zinariya ta ƙone da haske, hasumiyoyin huɗu kuma ba a gane inda suka ƙare. Wayar ba ta da laifi. Idon mutum yana iya ganin fitila da inuwa lokaci guda, ita kuwa kyamara ba ta iya haɗa haske mai tsanani da duhu mai tsanani a hoto ɗaya. Dabarar da ta fi kowace ita ce ka je lokacin da hasken sama da hasken fitilu suka kusa yin daidai.

Lokacin yana zuwa bayan faɗuwar rana da kamar minti 15, sa'ad da jan almuru ya fara raguwa, sama ta koma shuɗiya mai duhu, an kuma riga an kunna fitilu. A ƙasashen Turai wannan shuɗin yana daɗewa, musamman a watannin Yuni da Yuli. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya rana tana nutsewa ne a miƙe, don haka a Kano ko Abuja ko Damagaram abin da za ka samu bai fi minti 15 zuwa 20 ba. Kuma ka lura, ya faɗo daidai da idar da sallar magariba. Ni yadda nake yi, nakan je tun bayan la'asar sakaliya, in zagaya ginin da sauran haske, in zaɓi wurin tsayawa, in gwada. Da an kira salla in shiga sahu, ana sallamewa in koma wurin da na zaɓa ba tare da neman komai ba. Wanda sai a lokacin zai fara lalube ina zai tsaya, kafin ya gama shawara shuɗin ya tafi. A Kano rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, a Yuli kuwa sai kusan ƙarfe 7, sai ka duba jadawalin salla ka san lissafinka.

Akwai irin wannan shuɗin da safe, kamar rabin awa kafin fitowar rana. Na fi son sa don titi babu cunkoso, ƙura ta kwanta, amma sai ka tabbatar ba a kashe fitilun ba. Tambayi maigadi ko ladan, su suka san ƙarfe nawa ake kunnawa da kashewa, da ranar da ake tada janareta. Inda fitilun na sola ne, da farkon dare suka fi ƙarfi, zuwa asuba wasunsu sun dusashe.

Abu na biyu, kada kyamara ta motsa. A cikin duhu kyamara tana barin idonta a buɗe na daƙiƙa ɗaya ko biyar ko goma don ta tara haske, kuma ko numfashinka ya isa ya ɓata hoton. In kana da mariƙi mai ƙafa uku, shi ke nan. In babu, ɗora wayar kan katanga ko rufin mota da aka kashe injinta, ka tokare ta da jaka. Sannan ka sa agogon jinkiri na daƙiƙa 2 ko 3, ka danna ka janye hannu, don dannawar kanta tana girgiza waya. Kada ka kafa a kan gada lokacin da manyan motoci ke wucewa, gadar tana rawa ko da ƙafarka ba ta ji ba.

Mai waya, fara da goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi. Maiƙon yatsa shi ne yake sa kowace fitila ta fito da dogon jela. Kashe filashi, haskensa ba ya wuce taku kaɗan, abin da zai haska maka ƙura ce da ƙwari. Yi amfani da babbar kyamarar wayar, wadda aka rubuta wa 1x, don ita ta fi sauran shan haske, kuma kada ka ja hoton da yatsu don ya matso, gara ka taka da ƙafa. Daga nan sai ka ɗora yatsa kan wuri mafi haske a jikin ginin, ka riƙe har saitin ya kulle, ka ja alamar rana ƙasa har ka fara ganin zane da rubutun da ke jikin bangon da aka haska. A allo zai yi maka kamar ya yi duhu, bar shi haka. Inuwa ana iya ɗago ta daga baya wajen gyara, amma wurin da ya ƙone fari fat babu abin da zai dawo da shi. Tsarin dare, mai alamar wata, yana taimakawa sosai, sai dai a wasu wayoyin yana wuce gona da iri ya mayar da dare kamar hantsi. In ka ga haka, shiga sashen Pro da ake samu a yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung, ka saita da kanka.

Lambobin da nake farawa da su a kyamara ta musamman, ba ta waya ba, su ne ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske), buɗin gilashi f/8, tsawon ɗauka daƙiƙa 2 zuwa 4 a farkon shuɗi, ina ƙarawa yayin da duhu ke shigowa. In na kai f/16 fitilun titi sukan fito da tsinkaye kamar taurari, abin da wasu ke so, ni kuwa a kan masallaci na fi son haske a natse. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da na'ura ba ta sarrafa ba, in na'urarka ta yarda, saboda gyaran launi daga baya. Tsofaffin fitilun titi ruwan ɗorawa ne, na LED farare ne masu ɗan shuɗi, wasu gine-ginen kuma ga kore a hasumiya. Kyamara ba za ta iya gyara su duka ba. Ka zaɓi launin bangon ginin ya fito daidai, a saitin launin haske (WB) wajen 3500K zuwa 4000K yakan yi, sauran ka bar su yadda suke.

In kana son ja da farin zaren fitilun motoci a gaban gini, kamar yadda ake samu a wajen gadar Ƙofar Nasarawa a Kano, sai ka bar kyamara a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 15 motoci da A Daidaita Sahu su wuce.

Dogon gini yana da wata matsala. Da ka tsaya a gindinsa ka ɗaga waya sama, sai ya fito kamar zai kife ta baya. Alhazanmu sun san wannan a gaban hasumiyar agogon Makka mai tsayin mita 601. Maganin shi ne ka ja da baya sosai, ka riƙe wayar a tsaye cak, ko da ƙasa ta shigo da yawa, ka yanke ta daga baya. Ginin gargajiya kuwa, irin na Gidan Makama da ke Kano ko tsofaffin zauruka masu zankwaye da zayyana, kyansa yana cikin tudu da kwarin bango. Ka tsaya inda fitila ke shafar bangon daga gefe, a nan kowane zane ke fitar da inuwarsa. Fitilar da ta doki bango kai tsaye shafe zanen take yi.

Yanayi ma yana da ta cewa. A hunturu hazo yana yi wa kowace fitila rawani, nesa kuma ba ta fita, sai ka matsa kusa ka ɗauki ɓangare, ƙofa ko taga ko kan hasumiya. Mafi kyawun dare a wurina shi ne na damina bayan an ɗauke ruwa. Iska ta wanku, kwalta tana sheƙi, in ka sauke waya kusa da ruwan da ya kwanta za ka sami ginin biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kife.

Bidiyo ba ya yarda da dogon buɗi, don haka shi ya fi hoto bukatar shuɗin magariba. Babban abin da ke ɓata shi shi ne ƙyaftawar fitilu da layuka masu gudu a allo. Dalilin shi ne wutar lantarki a Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru tana bugawa zagaye 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa. Mayar da ita 25, saurin ɗauka 1/50 na daƙiƙa. A iPhone sai ka kunna tsarin PAL a saitin kyamara kafin 25 ta bayyana. A Saudiyya wutarsu 60 ce, can sai ka koma 30 da 1/60. Wutar janareta takan yi sama da ƙasa, sai ka riƙa sauya saurin kaɗan kaɗan kana kallon allo har layukan su tsaya. Juya kyamara a hankali ƙwarai, ko ka bar ta a kafe mutane da motoci su yi motsin.

Kafin duk wannan, nemi izini. Gaida maigadi, ka faɗa masa abin da ya kawo ka, a masallaci ka ga kwamiti, a fada ka ga dogarai. Barikin soja da ofishin 'yan sanda da filin jirgi da gidan gwamnati kada ka saita su da dare sam, mutum tsaye da ƙarfe mai ƙafa uku cikin duhu abin zargi ne. Jirgi marar matuƙi kuma a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Kada ka ɗauki fuskar masu ibada ko mata ba da yardarsu ba, kuma ka tafi da abokin tafiya wanda zai riƙa duba bayanka yayin da idonka ke kan allo.