Yadda Ɗalibai Za Su Kafa Ƙungiyar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Makarantar Sakandare

Idan ɗalibi ya shiga damuwa, ba malami ne ke fara ganewa ba. Wanda suke zama benci ɗaya ne. Shi ke lura cewa abokinsa ya daina surutu, ya daina fita tara, kansa kullum a kife a kan tebur, littafinsa a buɗe amma biro bai taɓa takarda ba. Ya gani, abin ya dame shi, sai dai bai san me zai ce ba, bai kuma san wa zai faɗa wa ba. Wannan giɓin ne ƙungiyar ɗalibai take cikewa.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane matasa bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna somawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Ajin da ke da ɗalibai 42 ke nan ana iya samun shida a cikinsa. Ga yadda za ku fara.

Mataki na 1: Ku bar 'yan aji su zaɓi mutanensu

Kada ku tattara shugabannin ɗalibai da masu zuwa na ɗaya ku ce kun kafa ƙungiya. Wanda ke rubuta sunan masu surutu ba lallai ne a iya buɗe masa ciki ba. Ku raba 'yan ƙananan takardu a kowane aji, kowa ya rubuta sunan mutum uku da zai iya faɗa wa damuwarsa, ba tare da ya sa nasa sunan ba. Sunayen da suka yi ta maimaituwa su ne mutanenku. Da wannan dabarar shirin Hope Squad, na ɗalibai masu kula da 'yan uwansu da ke cikin damuwa, ya fara a jihar Utah ta Amurka a 2004, kuma har yau da ita yake zaɓen ɗalibansa. Za ku sha mamaki: sau da yawa sunan da zai fi fitowa na wata yarinya ce mai shiru-shiru da ke zama a layin baya.

Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa a farko. A samu maza da mata, 'yan ƙananan azuzuwa da manya. Wanda aka zaɓa kuma ya ce ba zai iya ba, a ƙyale shi.

Mataki na 2: Ku nemi babba tun kafin ku yi zama na farko

Wannan ba abin da za a tsallake ba ne. Ƙungiyar taku ce, ku ke jan ta, amma dole a samu babban da za a miƙa wa abin da ya fi ƙarfinku. In makarantarku tana da malamin ba da shawara ko ma'aikaciyar jinya, ku fara da su. In babu, ku nemi malamin da ɗalibai suka shaida yana riƙe sirri, ba ya mayar da matsalar yaro hirar ofishin malamai. In da hali a samu biyu, namiji da mace.

Daga nan ku je wurin shugaban makaranta da takarda shafi ɗaya: me kuke so ku yi, su wane ne ku, wane malami ya yarda ya tsaya muku, wane ɗaki kuke buƙata, a wace rana. Ku faɗa masa a sarari: "Malam, ba likitoci za mu zama ba. Muna so ne yaron da ke cikin damuwa ya samu wanda zai saurare shi, ya kuma raka shi wurin wanda zai taimake shi." Abin da shugaban makaranta ke tsoro shi ne yara su ɗauki nauyin da zai jawo matsala, wannan maganar kuwa tana kwantar masa da hankali.

Mataki na 3: Ku rubuta iyakar sirri

A nan ne na fi so ku tsaya ku yi tunani, domin a nan ake yawan tuntuɓe. Ƙungiyar da ba ta riƙe sirri ta mutu tun ba a je ko'ina ba. Magana ɗaya ta fita, babu wanda zai sake zuwa. Amma akwai abubuwa uku da ba a riƙe su: in mutum yana tunanin kashe kansa ko cutar da kansa, in yana shirin cutar da wani, ko in wani na cin zarafinsa. Waɗannan ukun, a ranar za su isa kunnen babba.

Saboda haka kada ɗan ƙungiya ya taɓa yin alkawarin da ba zai iya cikawa ba. In ƙawarki ta ce, "Zan faɗa miki wani abu, amma ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba," ki amsa mata da gaskiya: "Ba zan yaɗa maganarki ba. Amma in na ji rayuwarki na cikin haɗari, sai na nemo mana taimako, kuma ba zan yi a bayan idonki ba, tare za mu je." Tana iya yin fushi. Tana iya daina miki magana na mako guda. Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ki riƙe sirrin da zai kai ta ga halaka.

Ku rubuta wannan ƙa'ida, kowa ya sa hannu, ku manna ta a ɗakin da kuke zama.

Mataki na 4: Ku koyi sauraro

Sauraro sana'a ce, koyon ta ake yi. Ku roƙi malaminku ya gayyato ma'aikacin lafiya da ya san fannin ya horar da ku, ko da na yini biyu ne. Akwai shirye-shiryen da aka tsara don haka, irin su taimakon gaggawa na lafiyar ƙwaƙwalwa da Betty Kitchener da Anthony Jorm suka ƙirƙiro a Ostireliya, wanda daga baya aka yi masa sashe na musamman don matasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da jagora a 2011 da ta taƙaita aikin a kalmomi uku masu sauƙin riƙewa: duba, saurara, haɗa.

Duba na nufin lura da sauyi. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya saba tsafta ya koma zuwa a hargitse, mai ƙoƙari ya fara faɗuwa a jarrabawa, mai fara'a ya zama mai saurin fushi, ko wani ya riƙa barci a aji kullum, ko ya janye daga abokansa. Rana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, kowa na da ranar da ya tashi ba daɗi. In ya kai mako biyu, a matsa kusa.

Saurara kuwa ya fi wuya. Ka nemi wurin da babu idon jama'a, ka ajiye waya, ka fara da abin da ka gani: "Na lura kwanan nan ba ka fitowa ƙwallo. Lafiya kuwa?" In ya ce ba komai, kada ka matsa, ka ce kana nan duk lokacin da ya so. In ya fara magana, ka rufe bakinka. Shiru zai ratsa tsakani, za ka ji kamar dole ka cike shi, ka daure. Ka guji cewa "ai wannan ba wani abu ba ne," ko "wasu sun fi ka shiga matsala," ko ka juya hirar zuwa labarin kanka. "Lallai ka ɗauki nauyi kai kaɗai, na gode da ka faɗa min" ta fi dogon wa'azi amfani.

Haɗa shi ne ka sada shi da wanda zai iya: malamin ƙungiya, iyaye in gida ba shi ne tushen matsalar ba, ko asibiti. Kada ka tsaya a "je ka ga Malama." Ka ce, "Zo mu je tare, zan jira ka a bakin ƙofa."

Ku riƙa gwaji a tsakaninku, biyu-biyu: ɗaya ya yi magana minti uku, ɗayan ya saurara bai katse shi ba, sannan ya maimaita abin da ya fahimta. A karon farko kusan kowa zai kasa kai minti ɗaya bai sa baki ba.

Mataki na 5: Ku san abin yi in an ambaci mutuwa

In wani ya ce ya gaji da rayuwa, ko gara a ce babu shi, ko ya fara rarraba kayan da yake ƙauna yana bankwana, kada a ɗauke shi wasa ko neman suna. A tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin kashe kansa. Mutane da yawa suna tsoron cewa tambayar za ta cusa masa tunanin, amma bincike, ciki har da wanda Madelyn Gould da abokan aikinta suka wallafa a 2005 a kan ɗaliban sakandare, ya nuna ba ta yin haka. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai. Ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya kira babba nan take. Kowane ɗan ƙungiya ya riƙe lambar malamin da ta asibiti mafi kusa a bayan littafinsa.

Mataki na 6: Ku fito fili, amma a hankali

Sai yanzu ne lokacin allo da sanarwa. Ku ware ɗaki da za a buɗe lokacin tara sau biyu a mako, inda mutum zai iya shiga ya zauna ko bai yi magana ba. Ku ajiye akwatin tambayoyi marar suna, malami ya riƙa buɗe shi kullum, domin wata takardar ba za ta jira mako ba. Ku nemi minti biyar a taron safe ku yi magana a kan fargabar jarrabawa, ko cin zali, ko barci; matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare, waya kuwa kan ci wani ɓangare na lokacin. Ranar 10 ga Oktoba ita ce Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya tun 1992, dama ce mai kyau ta yin wasan kwaikwayo ko muhawara.

Ku kula da abin da kuke nunawa. Kada a bayyana hanyar da wani ya bi ya cutar da kansa, kada a tilasta wa kowa ba da labarinsa a gaban jama'a. Ku fi ba da ƙarfi ga labarin waɗanda suka shiga ƙunci, suka nemi taimako, suka fita. Ku kuma yaƙi kalmar "mahaukaci" da ake jifan mutane da ita a aji, domin tsoron wannan sunan kaɗai ya hana yara da yawa buɗe baki.

In kun ga wata dokar makaranta ce ke ƙara wa ɗalibai nauyi, kuna da bakin magana. A 2019 ɗaliban sakandare a jihar Oregon ta Amurka ne suka matsa har aka yi dokar da ta ba ɗalibi damar ɗaukar hutu saboda lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar yadda yake ɗauka in zazzaɓi ya kama shi.

Mataki na 7: Ku kula da kanku, ku shirya magada

Mai sauraron damuwar mutane shi ma yana gajiya. Kowane mako biyu ku zauna da malaminku ku faɗi yadda kuke ji, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Ku sa lokacin da ba a amsa saƙo, sai dai in gaggawa ce, ita kuma ta babba ce. Wanda jarrabawa ta matso masa ko shi kansa ya shiga wani hali, ya huta zango guda, babu kunya a ciki.

'Yan ajin ƙarshe su sauka tun a zango na biyu, su bar na ƙasa da su su ja ragama suna kallo. A ajiye littafi guda mai ɗauke da ƙa'idoji, lambobin waya, abin da aka gwada ya yi da wanda bai yi ba, amma babu sunan ɗalibi ko ɗaya a ciki. A farkon kowace shekarar karatu a sake raba 'yan takardun nan a azuzuwa, har da na sababbin shiga.