Yadda za ka samu gida a harabar babban cocin Salisbury

In kana Ingila kuma hayaniya ta ishe ka, je ka duba harabar babban cocin Salisbury. Ita ce mafi girma irinta a Birtaniya, wajen eka 80, ganuwa ta zagaye ta kamar tsohon birnin Kano, dare na yi a kulle ƙofofi. An fara gina cocin a 1220 aka keɓe shi a 1258, hasumiyarsa mita 123 ce, ba hasumiyar cocin da ta kai ta a ƙasar, to ka ga abin da za ka riƙa buɗe taga kana kallo kenan kullum. Tsohon firaminista Edward Heath ma a nan ya zauna, gidan Arundells, har ya rasu a 2005.

Kada ka fara da dillali. Ka fara zuwa da ƙafarka sau biyu, da rana lokacin da 'yan yawon buɗe ido suka cika wajen suna layin ganin takardar Magna Carta ta 1215, tsohuwar yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarkin Ingila, sannan da yamma bayan sun watse, don wannan shirun na yamma shi za ka biya wa kuɗi, kuma wallahi ya cancanta.

Sai maganar takardu, nan ne fa mutane ke shan mamaki. Da yawa daga cikin gidajen ba mallaka ta har abada za ka samu ba, hayar dogon zango ce daga hukumar cocin, don haka ka sa lauya ya duba maka shekara nawa suka rage da kuma wa ke da alhakin gyaran rufi. Yawancin gidajen kuma gwamnati ta yi musu rajista a matsayin kayan tarihi, ko taga ba ka canzawa sai da izinin ƙaramar hukuma, yin gaban kanka laifi ne a doka. Ni dai ina son wannan tsaurin, shi ya hana wajen lalacewa.

Ka kawo masanin tsofaffin gine-gine ya duba danshi, wajen kusa da kogin Avon yake, kuma ɗumama irin gidan nan da hunturu yana cin kuɗi sosai. Ka tambayi yadda mazauna ke shiga in an rufe ƙofa, da inda za ka aje mota. In a Landan kake aiki, jirgin ƙasa zuwa tashar Waterloo kamar awa ɗaya da rabi ne.