Darasi Na 14: Rumbun Da Ke Yoyo A Saman Kanmu

Kafin mu fara karatu, kowa ya nemo maganaɗisu. Ba sai an saya ba, akwai shi a bayan lasifikar tsohuwar rediyo, baƙi, zagayayye kamar awarwaro. A ja shi cikin busasshen yashin bakin kogi, mu nan Mai Wurno ta Sudan ba ma rasa yashi. Za a ga wani baƙin gari ya manne masa. A kankare garin a kan farar takarda, a sa maganaɗisun a ƙarƙashi, a ɗan ƙwanƙwasa takardar da yatsa. Nan take garin zai jeru layi-layi, wani ma ya miƙe tsaye kamar ƙayar bushiya. Layukan nan dama suna nan, garin ne kawai ya tona su.

Duniyar da muke takawa ita ma maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas ɗin neman alƙibla take juyawa arewa. Layukanta suna tasowa daga ƙarshen kudu, su yi baka can cikin sararin samaniya, su sauka a ƙarshen arewa. A tsakanin layukan nan Allah ya tsare wasu ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Sunansu ilektaron da furoton. Sun taru sun yi wa duniya ɗamara biyu: ta ciki tana farawa daga wajen kilomita 1,000 sama da ƙasa, ta waje kuma tana kaiwa har wajen kilomita 60,000. A shekarar 1958 wani masani ɗan Amurka, James Van Allen, ya gano su da na'urar da ya ɗora a kan Explorer 1, tauraron ɗan'adam na farko da ƙasarsa ta harba. Da sunansa ake kiransu har yau.

Ƙwayoyin ba a zaune suke ba. Kowace tana murɗawa a jikin layi kamar yadda wake ke naɗe karan dawa, ta nufi arewa. Da ta kusa, inda layukan suka matsu, sai ta juyo ta nufi kudu. Ilektaron mai ƙarfi kan je ta dawo kafin ka ce kwabo. Haka za ta yi ta safa da marwa kwana da kwanaki.

To, ɗamarar nan ita ce rumbun ƙwayoyin. Ta ina rumbun yake yoyo? Idan wani abu ya ɗan karkatar da ƙwaya, maimakon ta juyo tun tana sama, sai ta zarce ta nutse cikin iska, ta yi karo da ita, shi ke nan ba ta komawa. Abu biyu ne suka fi karkatar da su. Na ɗaya guguwar da ke tasowa daga rana, wadda ke girgiza layukan gaba ɗaya. Na biyu, kuma shi ya fi ba ni mamaki, walƙiya. Duk walƙiyar da ta haska tana watsa igiyar rediyo, wani ɓangarenta ya tsallake sama ya bi layukan nan, ya kakkaɓo ƙwayoyi kamar yadda yaro ke kakkaɓe magarya. Abin da ya faru cikin hadari a nan ƙasa, ashe ana jinsa dubban kilomita a sama.

Da na kawo nan a aji, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in suka zubo ba za su ƙona mana riɗi ba?" Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka." Yawancinsu iska tana tare su tun suna tsakanin kilomita 50 da 100 a sama. Kuma kusa da ƙarshen arewa da na kudu suka fi zuba, inda layukan suke sokar ƙasa. A Sudan layukan a kwance suke bisa kanmu kamar rufin ɗaki. Mutanen Nowe da Kanada su ke ganin hasken nan kore da ja yana rawa da dare, wanda ƙwayoyi masu faɗowa ke kunnawa.

Amma zubar tana barin alama. Takan haifar da sinadaran da ke cin ozon, iskar da ke tace zafin hasken rana mai cutar da fata. Takan kuma toshe rediyon gajeren zango, har jiragen da ke ratsa ƙarshen arewa su rasa jin juna da ƙasa. Su kuwa taurarin ɗan'adam da ke ratsa ɗamarar, ƙwayoyin kan lalata musu na'urori. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin tun da yaƙi ya katse layukan waya a wurare da yawa, ta tauraron ɗan'adam mutane ke jin muryar 'yan'uwansu.

Aikin gida: ranar da hadari ya haɗo da dare, ku zauna cikin ɗaki, ku kunna rediyo mai batir a matsakaicin zango, ku kai allura inda babu tasha. Duk sanda walƙiya ta haska za ku ji "ƙarrr". Ku ƙirga sau nawa kuka ji cikin minti 5, ku rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi. A ƙarƙashinsa ku kwafi maganaɗisu, ɗamara da walƙiya sau uku-uku, kuna lura da lanƙwasar ɗ da ƙ.